Ta Ɗaya a Layin Jira

Yadi ɗaya na yanka musu su biyun. Koren yadi ne mai ɗan kauri, irin wanda makarantar kan tudu ta ce sai shi, da farin ƙyalle na wuya. Tun sakamakon jarrabawa bai fito ba na sayo shi, na shimfiɗa a teburin shagona, na sa alli na zana riga biyu da siket biyu. Baban Tsigi ya leƙo ya gani, ya ce, "Ke dai kin cika riga malam masallaci." Na ce masa ya je ya ji da bas ɗinsa, tunda ni ban taɓa koya masa taka birki ba.

Tsigi 'yata ce, ita kaɗai Allah ya ba mu. Ƙanƙantarta ce ta jawo mata sunan, ga surutu kamar rediyo. Wushirya kuwa 'yar maƙwabciyata ce, ƙofarsu na kallon tamu a hawa na biyu. Uwarta nas ce, ubanta ma'aikacin jirgin ƙasa. Doguwa ce, in ta yi dariya sai ka ga wushiryar kafin ka ga yarinyar. Tun ajin farko na firamare benci ɗaya suke zama, tif da taya. In ka aiki ɗaya ka aiki biyu ke nan, kuma ba za ka ga ko ɗaya ba sai ka bi sawu.

Makarantar kan tudu ba kowa take ɗauka ba, sai an zauna jarrabawa. Yaran nan sun yi karatu kamar za su cinye littafi, a nan bencin shagona, ƙarar keken ɗinki na tafiya suna yi wa juna tambayoyi. Ba su taɓa cewa "in na shiga" ba, kullum "in mun shiga".

Sakamako ya fito. An ba Wushirya gurbi. Tsigi ma ta ci, amma wai gurabe sun cika, an sa ta a layin jira, ita ce ta huɗu.

Na ɗinka na Wushirya, na yi mata aiki na gani na faɗa, don yarinyar tawa ce ita ma. Na Tsigi kuwa hannuna ya ƙi. Na naɗe yankakken yadin yadda yake, da zanen allinsa, na tura a aljihun tebur na ƙasa, na rufe.

Ni da na ji an ce layi, sai na ɗauka irin wanda na sani ne, na asibiti ko na shiga mota, wanda ya riga zuwa shi ne gaba. Washegari da sassafe na hau tudun nan a ƙafa, na tsaya a ƙofar ofis tun mai shara bai gama ba. Can sai ga matar ofis, wata mai tabarau da igiya a wuya, ta buɗe ta zauna ta ce in shigo.

Na ce, "Malama, ni ce farkon zuwa yau, ki shaida. A rubuta."

Ta dube ni ta saman tabarau. "A rubuta me, baiwar Allah?"

Na yi mata bayani. Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata, don da ta yi da an ji mu. Ta ce layin nan ba ya duba wanda ya yi sammako. Da maki ake jera yara, in maki ya zo ɗaya sai a duba wanda gidansu ya fi kusa da makaranta. Kuma ba ya motsi sai wani da aka ba gurbi ya ce ba ya so, ko ya bar makarantar. A nan ne za a kira na ɗaya, sauran su matso.

Na ce, "Haba Malama! Kin ga yarinyar kuwa? Ko a gefen benci aka ɗosana ta, wallahi ba wanda zai san an ƙara mutum."

Ta ce, "Kowace uwa da ta zauna a kujerar nan haka take gaya mini. Ki bar lambar wayarki a buɗe."

Na sauko tudun ina ta masifa ni kaɗai, har wani mai keke ya waiwayo.

Aka koma makaranta. Tsigi ta shiga wadda aka ba ta, ta bayan tasha, masu shuɗin kaya. A cikin fushi na ɗinka shuɗin nan, har yau in na tuna yadda wuyan ya karkace sai kunya ta kama ni. Makarantar ba ta da laifi, malamanta na ƙoƙari. Tsigi ce ta ƙi sakin jiki. Da fensir take rubuta sunan makarantar a bangon littattafanta. Na tambaye ta dalili, ta ce don kada gogewa ta yi wuya. Malamar ajinsu ta tare ni a hanya ta ce yarinyar ba ta kula kowa, lokacin tara ita kaɗai take zama. Tsigi fa, wadda sai an roƙe ta take yin shiru.

Su Tsigi ake fara tashi, don haka kullum ita ke riga isowa shago. Ta ajiye jaka, ta zauna a ƙarshen bencin da ke kallon titi, ta zuba wa tudun ido. In ta hango kore a cikin masu saukowa sai ta miƙe tsaye. Wushirya na isowa, ko ruwa ba ta sha ba, za a fara.

"Yau me kuka yi?"

Wushirya ta ba ta labarin ɗakin kimiyya mai famfo a kowane tebur. Ta ba ta labarin ɗakin karatu mai tsani da ake turawa a jikin kanta, da malamin lissafi mai atishawa sau uku a jere, da kujerarta da ke bakin taga, inda take hango layin dogo, in jirgi ya wuce ta ɗaga wa babanta hannu ko yana ciki ko ba ya ciki. Tsigi ta ce a sake na tsanin. A sake na tagar. Ta san makarantar nan lungu-lungu ba ta taɓa taka cikinta ba. Wata rana na ji tana gyara wa Wushirya, wai ba hagu ake bi zuwa ɗakin karatu ba, dama ne, ai ita ta faɗa da bakinta.

Ina taka keke ina jinsu, zuciyata na ƙuna. Ban taɓa son wani abu a duniya yadda na so in ga yaran nan biyu sun sauko tudun tare ba.

Layi ya motsa. Tsigi ta koma ta uku, ta koma ta biyu. Na fara gaishe da mutane da fara'a. Sai wata safiya na buga waya, Mai Tabarau ta ce mini ta uku.

Na ce, "Ta biyu dai."

Ta ce, "Ta uku. Wasu sun ƙauro garin nan, ɗansu ya zauna jarrabawa, makinsa ya fi nata. Ya shiga gabanta."

Kai! Ranar har mai kawo ɗinki na kora. Wane irin layi ne wannan da ake tafiya da baya? Mu da muke nan tun farko muna zaman jiran gawon shanu, wani daga zuwa ya haye kanmu? Baban Tsigi ya ce, "Rabon kwaɗo ba ya hawa sama." Na ce masa shi ma kwaɗon da ya san akwai layin jira da bai yarda da wannan magana ba.

Daga nan na shiga addu'a irin tawa. Ban taɓa roƙa wa ɗan kowa ciwo ba, Allah na gani. Cewa nake, Allah ka ƙara wa uban wani girma a wurin aiki, ka kai shi wani gari mai nisa, da gida mai kyau da mota, ya kwashi iyalinsa su tafi lafiya. A fili nake faɗa ina guga, yaran na dariya, Wushirya ce ma mai cewa amin da ƙarfi.

Ana haka Tsigi ta dawo ta biyu, sannan ta zama ta ɗaya. A nan layin ya tsaya cik, kamar an kafa masa ƙusa.

Ta ɗaya ta fi ta huɗu ciwo, wanda bai taɓa ba ba zai gane ba. Wayata ko banɗaki da ita nake shiga. In ta yi ƙara Tsigi ta daskare a inda take, sai ta ji na ce "a'a, sai jibi za ki samu, ban sa maɓalli ba" sannan ta ci gaba da numfashi. Wani lokaci in na juya baya sai in ji an jawo aljihun tebur na ƙasa a hankali. Takan ɗauko gaban rigar ta kara a ƙirjinta a gaban madubi, ta mayar, ta rufe. Ina ganinta ta cikin madubin, ina yi kamar ban gani ba. Na kuma ga abin da ita ba ta lura da shi ba. Yarinyar da ta shekara ba ta ƙara ko taƙi ba, sai yanzu ta ga damar miƙewa, kafaɗarta ta fara wuce zanen allin.

Zango ya kusa ƙarewa na sake bugawa, yaran na zaune a benci. Mai Tabarau ta ce in sani, ranar da aka ba da hutu ake rufe layin. Bayan nan babu ta ɗaya babu ta goma. In gurbi ya buɗe daga baya, sabuwar jarrabawa za a sa, kowa ya zo ya nema.

Na kife wayar na maimaita musu, da ƙari, don bakina ba ya ajiye magana. Tsigi ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar takalminta. Wushirya ta ce, "Anti, to in mutum ya bar makarantar a cikin hutu fa?"

Na ce, "Ya yi wa kansa. Mu dai bai yi mana komai ba."

"In kafin hutu ne kuma?"

"Ke, kin ishe ni da tambaya. Kafin hutu ai Tsigi za a kira. Miƙo mini almakashi."

Ta miƙo mini.

Ba a jima ba, ina tsaka da sa zif da hantsi, waya ta yi ƙara. Mai Tabarau ce da kanta ta kira, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Maman yarinya, gurbi ya buɗe. In kuna so ki zo gobe ki sa hannu, ta fara farkon mako."

In muna so! Na miƙe, zif da riga suka zube, na taka su na wuce. Ko shagon ban rufe ba, na ce wa mai gyaran takalmi na gefe ya sa mini ido. Nas nake son in fara gaya wa, na san ranar tana gida. Na haura bene da gudu kamar yarinya, ina cewa ko ɗan waye ya tafi, Allah ya raka taki gona.

Ƙofarsu a buɗe take. Kwalaye ne jere a falo, an cire labule, an sauke hotunan bango. Nas na durƙushe tana naɗe kofuna a tsohuwar jarida. A kan kujera kuma Wushirya ce zaune da kayan gida, da hantsi, ranar makaranta.

Na tsaya a bakin ƙofa.

Nas ta ce, "Sun kira ki ko? Shigo, Maman Tsigi, zauna."

Ta ce an yi wa baban Wushirya canjin wurin aiki, da ƙarin girma, can ƙarshen layin dogo, tafiyar yini guda. Sun ɗan jima da sani, sun rasa yadda za su gaya mana. A cikin hutu za su tashi. Niyyarsu yarinyar ta gama zango, ta rubuta jarrabawa da 'yan ajinsu, a yi sallama yadda ya kamata.

"Sai ta zo mini da wani lissafi," in ji Nas. "Wai in ta bari sai hutu, layi ya mutu, kujerarta ta tafi ga wanda ba ta sani ba. Na ce ba a barin makaranta a tsakiyar zango. Ta daina cin abinci. Ubanta ya lallashe ta, ya yi faɗa, a banza. Jiya na je na sa hannu."

Na dubi Wushirya. Makarantar nan da take so kamar ranta, da tagarta, da tsaninta. Na ce, "'Yar nan, me ya sa?"

Ta yi murmushi, wushiryar ta fito, idonta ya ciko. Ta ce, "Anti, ai ni ce mai cewa amin."

Na zauna a kan wani kwali na yi kuka, ban damu da abin da ke cikinsa ba.

Da Tsigi ta dawo ta ji, ba ta yi murna ba ko ta ƙwayar zarra. Ta jefar da jaka ta ce ba ta so, a mayar musu da kujerarsu. Ita ba makaranta take nema ba, benci ɗaya take nema. Ta juya kan Wushirya ta ce mata munafuka, ta san za ta tafi ta ɓoye. Wushirya ta bari ta gama, sannan ta ce, "To shi ke nan, a ba na biyu. Na ji an ce wani ƙaton yaro ne mai sa yatsa a hanci. Shi zai zauna a tagata."

Tsigi ta ce, "Ƙarya kike, ba ki san shi ba."

"Ke kin san shi?"

Dariya ta kufce wa Tsigi a tsakiyar kuka, ta kai mata duka, suka rungume juna a nan ƙofar shago, masu wucewa na kallo.

Na jawo aljihun tebur na fito da yadin. Na kara mata, na juya, na sake karawa. Ko da rarar da na bari a ciki ba zai rufe kafaɗarta ba, kuma kantin da na sayo shi sun ce koren ya ƙare sai wani zango. Wushirya ta haura gida ta sauko da nata a goge, a ninke, ta ɗora a kan kekena. Ta ce, "Ki rage mata, Anti."

Na sa wa Tsigi. Siket har ƙasa, hannun riga ya haɗiye yatsunta. Na durƙusa na sa alli a inda ya kamata, na ɗauki almakashi.

Tsigi ta riƙe mini hannu. "Mama, kada ki yanke."

Na ce, "Ke, yadin ya yi yawa. In ban yanke ba kalmasar za ta yi kauri kamar bakin katifa."

"Ki kalmashe kawai. In ta dawo sai a warware."

Na buɗe baki zan gaya mata gaskiya, don ni yanzu na san layin nan ciki da waje, na san wanda ya bar kujera ba ya dawowa ya tarar da ita. Na dubi fuskarta, na rufe bakina. Na ajiye almakashi na ɗauki allura, na ninka yadin sau biyu na bi shi da hannu.

Sauran kwanakin zangon sai abin ya juye. Wushirya ce ke zama a ƙarshen bencin da ke kallon titi, tana tsince mini zare, ido na kan tudu. In ta hango kore sai ta miƙe. Tsigi na isowa Wushirya za ta ce, "Yau me kuka yi?" Tsigi ta ba ta labarin malamin lissafi da atishawarsa, ta ce tsanin ɗakin karatu ƙafarsa ɗaya na ƙara, ita ba ta taɓa gaya mata ba. Ta ce kuma hagu ake bi ashe. Wushirya ta ce a sake na tagar.

Sau ɗaya na ga abin da na roƙa. Ranar da aka ba da hutu Wushirya ta hau tudun ta jira a bakin ƙofar makaranta, suka sauko tare, ɗaya da kore ɗaya da kayan gida, jaka ɗaya a tsakaninsu kowa ta riƙe hannu guda. Na tsayar da keke na fito bakin shago na kalle su har suka iso.

Mun raka su tasha. Ba zan ba da labarin wannan ba.

Yanzu Tsigi ta saba, tana da ƙawaye, surutun ya dawo har ya yi yawa. Sukan yi waya da Wushirya, wani mako a yi, wani mako a manta. Amma ta gaya mini duk jirgin da ya wuce sai ta ɗaga masa hannu ta taga, har malamin lissafi ya gaji da hana ta. Da yamma in ta sauko takan zauna a ƙarshen bencin nan, ta bar wuri a gefenta, ko da shagon babu kowa.

Kwanan baya wata mai kawo mini ɗinki ta kama bakin siket ɗin ta murza, ta ce, "Haba, 'yar tela guda da wannan kalmasa? Ki yanke mana ki huta."

Kafin in yi magana Tsigi ta janye siket ɗinta daga hannun matar. Ta ce, "Ba nawa ba ne ni kaɗai."

Tana ƙara tsawo. Jiya na warware ninki ɗaya, saura ɗaya. Ta tsaya a kaina har na gama, don ta tabbatar ban taɓa almakashi ba.